Ruwa Ba Ya Tsami Banza: Koriyar Gansakuka a Matsayin Ma'aunin Lafiyar Tafki a Ƙasar Ikara da Maƙarfi da Kudan

Gabatarwa

Duk wanda ya bi hanyar Zariya zuwa Kano a cikin watan Maris ko Afrilu, ya ratsa ta Tashar Yari, ko kuwa ya karkata ya nufi Hunkuyi ko Ikara, ba zai rasa ganin kududdufai da ƙananan tafkuna waɗanda suka ja baya, ruwan da ya rage a cikinsu ya koma kore shar ba. Idan aka tambayi mutumin wurin abin da ya sami ruwan, amsarsa guda ce, watau gansakuka ce ta rufe shi. Daga nan magana ta ƙare. Makiyayi zai koro shanunsa su sha, mai lambu zai jefa tiyon injinsa ya ja, yara su faɗa wanka, in rijiyoyi sun ƙafe kuma a kau da koren da bakin bokiti a ɗebi na ƙasa a kai gida.

Abin da muke so mu nuna a wannan maƙala shi ne, kalmar nan guda ta gansakuka ta lulluɓe ɗaruruwan halittu waɗanda halinsu ya sha bamban, kuma sanin wacce ce ta yi rinjaye a tafki yana gaya mana abin da ke kwarara cikinsa tun kafin kifi ya fara mutuwa ko ruwan ya fara wari. Hausawa na cewa ruwa ba ya tsami banza. To, haka nan ba ya yin kore banza. Za mu taƙaita ga rukunin da masana ke kira koriyar gansakuka, mu duba ma'aunan da aka ƙirƙiro a Turai da Amurka domin karanta ta, sa'an nan mu faɗi ra'ayinmu game da inda waɗannan ma'aunai za su yi mana amfani, da kuma inda za su ɓad da mu in muka ɗauke su ido rufe.

Muna neman afuwar malaman harshe da ke wannan zaure game da wasu kalmomi biyu da muka ƙaga. Tafkin da abincin tsirrai ya yi masa yawa za mu kira shi ƙosasshe, wanda kuwa abincin ya yi masa ƙaranci za mu kira shi ramamme. Sai dai a lura, a sha'anin tafki ramammen shi ne mai lafiya.

Ruwan da muke magana a kansa

Waɗannan ƙananan hukumomi uku suna arewacin Jihar Kaduna, cikin masarautar Zazzau, dab da iyakar Jihar Kano. Ruwan saman da ake samu a shekara kimanin milimita 1,000 ne da 'yan kai, kuma kusan dukkansa yana sauka ne tsakanin Mayu da farkon Oktoba. Sauran watannin shekara ana zaune ne a kan abin da ƙasa ta riƙe. A nan babu babban tafki irin na Cadi. Abin da ke akwai shi ne kududdufin da ya samu daga ɗibar ƙasar gini ko ta cikon hanya, da tafkin fadama wanda rafi ke bari in ya janye, da kuma madatsar ruwa ta gwamnati, irin ta Gimbawa wadda aka yi domin samar da ruwan famfo a ƙasar Ikara. Dukkansu marasa zurfi ne, dukkansu kuma gonaki ko gidaje sun kewaye su.

Noman wurin ba ya bukatar dogon bayani. Maƙarfi da Kudan sun yi suna wajen rake da mazarƙwaila, masana'antar sarrafa tumatir da aka kafa a Ikara a 1981 kuwa shaida ce ga yawan tumatirin wannan yanki, ga masara da damina, ga attarugu da albasa da rani. Duk waɗannan amfanin gona ne masu cin taki, kuma takin da ake zuba musu kamfa ne da yuriya, haɗe da na gida. Abin da ke sa rake ya yi kauri shi ne ke sa gansakuka ta yi yawa, watau sinadarin naitirojin da na fosfaras.

Bari mu yi ɗan lissafi domin a ga ƙanƙantar abin da ake bukata. Buhun kamfa mai lamba 15:15:15, mai nauyin kilo 50, yana ɗauke da kilo 7.5 na naitirojin da kimanin kilo 3.3 na tsantsar fosfaras. A rahoton da ƙungiyar OECD ta fitar a 1982 an sa iyakar ƙoshin tafki a miligiram 0.035 na fosfaras a kowace lita. Tafki mai faɗin hekta ɗaya da zurfin mita ɗaya yana riƙe da lita miliyan 10, saboda haka giram 350 ya ishe shi ya kai wannan iyaka. Ke nan kashi ɗaya cikin goma na fosfaras ɗin buhu guda, in ya narke a ruwan, ya kusa wadatar. Gaskiya ne jar ƙasarmu tana kama fosfaras ta riƙe, ba duka ke narkewa ba, amma za mu ga nan gaba cewa riƙon nata na ɗan lokaci ne.

Gansakuka ba ɗaya ba ce

Idan aka ɗiga ɗigo guda na koren ruwa a kan gilashi aka sa a ƙarƙashin madubin likita, watau na'urar nan mai ƙara girman ƙananan halittu, abin da ido ya ɗauka launi ne kawai sai ya zama gari guda mai unguwanni. Manyan rukunonin da aka fi gamuwa da su huɗu ne: koriyar gansakuka ta ainihi, da dayatom masu kwanson gilashi, da dangin Euglena masu iyo da bulala, da kuma mai shuɗi-shuɗi, wadda a haƙiƙa ba tsiro ba ce, dangin bakteriya ce.

Koriyar gansakuka ita ce 'yar'uwar tsirran tudu ta kusa. Koren sinadarin da ke cikinta iri ɗaya ne da na ganyen dawa, kuma tana ajiye abincinta a matsayin sitaci kamar yadda rogo ke yi. Wannan ma hanya ce ta gane ta, domin in an ɗiga mata aidin sai cikinta ya yi baƙi-baƙi. A cikinta akwai gida biyu da suka fi damunmu.

Gida na farko su ne waɗanda tsofaffin littattafai ke tarawa a ƙarƙashin sunan Chlorococcales. A nan ake samun Chlorella, ɗan ƙwallo wanda faɗinsa bai wuce kashi 10 cikin 1,000 na milimita ba. Da Scenedesmus, wanda ƙwayoyinsa ke jeruwa huɗu-huɗu ko takwas-takwas kafaɗa da kafaɗa. Da Pediastrum mai kama da faifai mai haƙora a baki. Da Ankistrodesmus mai siffar allura. Waɗannan 'yan ci-da-zuci ne. Inda abinci ya yi yawa sukan iya ninka adadinsu cikin kwana guda, kuma ba sa ƙyamar ƙazanta. Hasali ma a tafkunan da ake ginawa da gangan domin tace ruwan masai, Chlorella da Scenedesmus da Chlamydomonas da Euglena su ne masu gida.

Gida na biyu su ne dasmid. Kowace ƙwaya tasu rabi biyu ce masu kama da juna. Cosmarium yana da ƙugu a tsakiya kamar kalangu, Closterium lanƙwasasshe ne kamar jinjirin wata, Staurastrum yana da hannuwa, Micrasterias kuwa sai ka ce an zauna an yi masa aikin zayyana. Yawancinsu masu jinkirin girma ne, suna son ruwa garau marar gishiri da yawa, mai ɗan tsami-tsami, mai ciyayi a gefe. Da zarar taki ya fara shiga, gida na farko ya yi musu inuwa, sai su fara ɓacewa iri bayan iri. Ya kamata a lura cewa ƙasar wannan yanki tana zaune ne a kan tsohon dutse mai tauri wanda ba ya sakin gishiri da farar ƙasa da yawa, saboda haka ruwanta na asali irin wanda dasmid ke so ne. Rashinsu a tafkinmu abin tambaya ne.

Akwai kuma masu zare, waɗanda su ne ido ke gani ba tare da madubi ba. Spirogyra ita ce mai santsin nan da ke zame wa mutum a hannu a bakin rafi da farkon rani. Stigeoclonium yana manne wa duwatsu a inda kwata ke zuba.

Dalilin da ya sa ake ɗaukar waɗannan halittu ma'auni a fili yake. Gwajin sinadari yana faɗin halin ruwa a sa'ar da aka ɗebe shi kaɗai. In an wanke buhunan taki a tafki ranar Laraba, aka zo gwaji bayan mako biyu, mai yiwuwa ba a ga kome ba, domin gansakuka ta riga ta shanye abin. Amma ita gansakukar tana nan, kuma irin wadda ta yi yawa tana ba da labarin makonnin da suka shige.

Ma'aunan da aka gada

Tunanin karanta ruwa ta hanyar mazaunansa ya kafu ne a Jamus, inda Kolkwitz da Marsson suka buga tsarinsu a 1908 da 1909, suka kasa ruwa mataki-mataki bisa ga yawan ruɓaɓɓen abin da ke cikinsa da halittun da ke jure wa kowane mataki. Amma ma'aunan da suka shafi koriyar gansakuka kai tsaye sun zo ne daga baya.

A 1945 Thunmark, ɗan ƙasar Suwidin, ya ba da shawarar a ƙirga nau'o'in Chlorococcales da ke tafki a raba da nau'o'in dasmid. In amsar ta gaza 1, tafkin ramamme ne. In ta haura 1, ƙosasshe ne. Alal misali, in an sami nau'i 12 na gida na farko da nau'i 3 na dasmid, amsar 4 ce, watau tafkin ya ƙoshi. A 1949 Nygaard na ƙasar Denmak ya faɗaɗa wannan, ya tara mai shuɗi-shuɗi da dangin Euglena da wani sashe na dayatom a kan Chlorococcales, amma ya bar dasmid a matsayin abin rabawa. Kyawun waɗannan ma'aunai biyu shi ne, nau'i ake ƙirgawa ba ɗaiɗaikun ƙwayoyi ba, saboda haka ba sa bukatar kayan aiki masu tsada. Wahalarsu kuwa, sai wanda idonsa ya goge yake iya bambanta nau'i da nau'i.

Ma'aunin da ya fi karɓuwa a jami'o'inmu shi ne na C. M. Palmer, Ba'amurke, wanda ya buga a 1969. Ya tattara rahotannin marubuta 165, ya fitar da dangi 20 da suka fi jure wa ƙazantar ruɓaɓɓen abu, ya ba kowanne maki. Euglena da Oscillatoria suna da 5 kowanne. Chlamydomonas da Scenedesmus 4. Chlorella da Navicula da Nitzschia 3. Ankistrodesmus da Stigeoclonium da Phacus da Synedra 2. Sauran tara, cikinsu har da Closterium da Pandorina da Micractinium da Melosira, maki ɗaya-ɗaya. Ba a ba dangi makinsa sai an same shi aƙalla 50 a cikin mililita ɗaya. In jimillar ta kai 20 ko fiye, ƙazanta ta yi yawa. Tsakanin 15 da 19 akwai alamarta mai ƙarfi. Ƙasa da haka ba ta kai abin tsoro ba.

A ƙaddara an ɗebo ruwa daga wani kududdufi da ke bayan kasuwa, inda shanu ke sha kwata kuma ke zuba, aka sami Euglena da Oscillatoria da Chlamydomonas da Scenedesmus da Chlorella da Nitzschia, kowanne ya cika sharaɗin 50. Jimillar ita ce 24. Ba a bukatar wani gwaji kafin a ce wannan ruwa bai dace da tulun kowa ba.

Akwai wani abu a jadawalin Palmer da muke ganin ba a cika kula da shi ba. Daga cikin dangi 20 ɗin nan, takwas ne koriyar gansakuka, kuma in aka haɗa makinsu duka 18 ake samu daga cikin 44. Watau ko da dukkansu sun hallara a tafki guda, su kaɗai ba za su kai 20 ba. Saboda haka wanda ya ce zai dubi koriyar gansakuka kaɗai ya yi amfani da wannan ma'auni, ya riga ya rage wa kansa mudu tun kafin awo. Koriyar gansakuka shaida ce mai ƙarfi, amma ba a yanke hukunci da bakinta ita ɗaya.

Ba baƙon aiki ba ne wannan a ƙasar Zazzau. Malamai da ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello sun daɗe suna nazarin madatsar Kubanni da tafkin Makwaye da na Bomo a Samaru. A 2011 Chia da Bako da abokan aikinsu sun buga bincike a wata mujallar nazarin tsirrai ta ƙasar Birazil kan dangantakar koriyar gansakuka da yanayin ruwan wasu kududdufan Zariya. A wannan shekara kuma Tanimu da Bako da Adakole suka buga nasu kan tasirin ruwan kwata a madatsun ruwa uku na Jihar Kaduna, watau Gimbawa da Saminaka da Zariya. Ke nan harsashi yana nan, har ma ya taɓo ƙasar Ikara.

Inda ma'aunin baƙi ke tuntuɓe

Thunmark da Nygaard sun yi aikinsu ne a ƙasashen da tafki ke daskarewa da sanyi, ruwansa garau, ba ya kuma ƙafewa. Namu ba haka yake ba, kuma a nan ne muke so mu ɗan daɗe.

Babbar matsala ita ce laka. A watan Agusta ruwan kowane tafki a wannan yanki ja ne kamar kunun kanwa, domin ruwan sama ya wanko ƙasar gonaki ya zuba. A daidai wannan lokaci ne taki ya fi shiga, amma hasken rana ba ya ratsa ruwan fiye da taƙi ɗaya ko biyu, gansakuka kuwa ba ta girma sai da haske. Wanda ya ɗebi ruwa a lokacin zai ga gansakuka kaɗan, makin Palmer ya yi ƙasa, ya rubuta cewa tafkin lafiya lau, alhali kuwa abincin yana nan a jibge yana jiran laka ta kwanta. Haka ma faifan Secchi, farin faifan nan da ake zurawa a ruwa a auna inda ya ɓace wa ido, wanda aka fara amfani da shi a 1865. A Turai ɓacewarsa da wuri alamar gansakuka ce. A wurinmu da damina alamar zaizayar ƙasa ce.

Da kaka laka ta kwanta, haske ya shiga, a nan ne ake ganin gaskiyar tafki. Daga nan kuma sai wata matsalar ta kunno kai, domin rana da iskar hunturu suna shan ruwan, masu lambu suna ja, abin da ke narke a ciki yana ƙara kauri ko da ba a ƙara zuba kome ba. Tafkin da ya nuna dasmid a Nuwamba yana iya zama na Chlorella da Euglena zalla a Afrilu. Saboda haka awo ɗaya a shekara ba shi da wata ma'ana, kuma kwatanta awon Nuwamba na wani tafki da awon Afrilu na wani zalunci ne ga na biyun.

A ƙarshen rani ne jar ƙasa ke sakin abin da ta riƙe. Gansakukar da ta mutu tana sauka ƙasa ta ruɓe, ruɓewar tana cinye iskar oksijin, in oksijin ya ƙare kuwa sai ƙarfen da ke cikin laka ya saki fosfaras ya koma ruwa. Tafkin ya shiga ciyar da kansa ke nan. Zafi yana ƙara tsananta lamarin, domin ruwa mai zafin digiri 20 yana iya riƙe miligiram 9 na oksijin a lita, amma a digiri 30 bai fi 7.5 ba. Da rana gansakuka tana cika ruwan da oksijin, da dare ta juya tana shaƙarsa tare da kifi. Abin da ya sa masunta ke ganin kifi yana haki a saman ruwa da asuba ke nan, ba da azahar ba.

Su kansu dasmid ba duka ne shaidun kirki ba. Tun a 1965 Brook ya nuna cewa wasu nau'o'in Staurastrum da Cosmarium da Closterium suna zama daram a ƙosasshen ruwa. Abin mamaki ma, Closterium dasmid ne, ma'aunin Thunmark yana lissafa shi a ɓangaren tsabta, na Palmer kuwa yana ba shi maki a ɓangaren ƙazanta. A ganinmu, abin da ya kamata a duba shi ne yawan nau'o'in dasmid da kasancewar masu ƙyama irin su Micrasterias, ba ganin guda ɗaya mai taurin rai ba.

Sa'an nan ga maganin ciyawa. Atarazin, wanda aka daɗe ana fesawa a gonakin masara da rake, aikinsa shi ne hana tsiro sarrafa hasken rana, kuma bai san bambancin ciyawar gona da koriyar gansakuka ba. Inda ake wanke tankin feshi a bakin tafki, ruwan yana iya yin garau don guba ta kashe masu kore shi. Babu ko ɗaya daga ma'aunan da muka ambata da zai gane wannan, domin dukkansu ƙoshi da ruɓa suke aunawa.

Ƙurar hunturu ma tana da tata rawar, ko da yake ƙarama ce. Mafi yawanta tana tasowa ne daga kwarin Bodele a ƙasar Cadi, wanda tsohon gindin tafki ne, kuma tana ɗauke da kwanson dayatom da suka mutu dubban shekaru da suka wuce. Ɗalibin da bai kiyaye ba yana iya ƙirga wannan kwanso ya ba tafkin Kudan makin halittar da ta rayu a Cadi. Ƙwaya mai rai kaɗai ake ƙirgawa.

Kore da shuɗi

Koriyar gansakuka ta ainihi ba a san ta da dafi ba. Tana toshe matatar ruwa, tana ɓata ɗanɗano, amma ba ta kashe saniya. Mai kisa ita ce mai shuɗi-shuɗi, kuma tana zuwa ne a bayan koriyar, in ƙoshi ya yi tsanani. Gwajin da Schindler ya yi a Tafki na 226 a ƙasar Kanada a 1973 ya nuna wannan ƙarara: ya raba tafkin biyu da labule, ya zuba naitirojin da kabon a ɓangarorin biyu, ya ƙara fosfaras a ɗaya kawai, sai wannan ɓangaren ya rufe da mai shuɗi-shuɗi. A ruwan Afirka mai zafi sau da yawa naitirojin ne ke fara ƙarewa, kuma wasu daga cikin mai shuɗi-shuɗi, irin su Anabaena, suna iya ɗibarsa daga iska, abin da koriyar ba ta iyawa. Saboda haka ranar da mai duba tafki ya ga Scenedesmus da Pediastrum suna ja da baya, Microcystis ko Anabaena suna maye gurbinsu, ranar ce ta gargaɗi.

An san wannan haɗari tun 1878, lokacin da George Francis ya ba da labarin mutuwar dabbobin da suka sha daga Tafkin Alexandrina a Ostireliya. A 1996, a garin Caruaru na Birazil, mutum fiye da 50 masu wankin ƙoda suka rasu saboda dafin maikurosistin da ya biyo ruwan da aka yi musu aiki da shi. A 1998 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar wannan dafi a maikurogiram 1 a litar ruwan sha. Ba labarin nesa ba ne kuma, domin a 2009 Chia da abokan aikinsa sun ba da rahoton samunsa a wasu ruwaye na Zariya. Tafasa ruwa ba ta kashe shi, alif kuwa yana kwantar da ƙwayoyin amma ba ya cire dafin da ya riga ya narke.

Malaman fiƙihun Malikiyya sun yi bayani cewa ruwan da ya sauya saboda abin da ya tsiro daga gare shi, kamar gansakuka, bai fita daga tsarki ba. Wannan hukunci ne na tsarki, kuma yana nan a matsayinsa. Abin da muke jan hankali a kai shi ne kada a ɗauki halaccin alwala da ruwa a matsayin shaidar cewa ba ya cutarwa in an sha. Haka kuma kada a ɗora wa gansakuka abin da ba nata ba: ba ta faɗin kome kai tsaye game da kwalara ko taifot ko tsargiya. Waɗannan gwajinsu daban.

Akwai gwaji biyu da ba sa bukatar madubi, waɗanda ya kamata kowane malamin gona ya sani. Na ɗaya a tsoma kara a cikin koren a ɗago. In ya fito da zare kamar gashi, koriya ce, in ya fito a shafe kamar an tsoma shi a fenti, a yi hattara. Na biyu a cika kwalba da ruwan a ajiye a inuwa ta kwana; koriyar takan kwanta a ƙasa, mai shuɗi-shuɗi takan taso ta yi zobe a wuya, domin tana da 'yan jakunkunan iska a cikinta. Gwajin ba ya rasa kuskure, tun da Euglena ma takan taso, amma kuskurensa ya fi karkata wajen taka-tsantsan.

Yadda za a kama aikin

Tun da ma'aunin baƙi bai zauna mana daidai ba, shawararmu ita ce a riƙa auna kowane tafki da kansa, watau a kwatanta Janairunsa na bana da Janairunsa na bara. Wannan yana bukatar a zaɓi wurare kaɗan a lizimce su: madatsar Gimbawa, da tafkin fadama guda a cikin gonakin raken Maƙarfi, da kududdufi guda a cikin gari kamar Hunkuyi, da kuma wani tafki da ke nesa da gona da gida domin ya zama abin kwatance. Na ƙarshen nan shi ya fi wuyar samu, shi kuma ya fi muhimmanci, domin shi zai nuna irin dasmid ɗin da ƙasar ke da su tun asali.

A ɗebi ruwa sau ɗaya a wata, a wuri ɗaya, da hantsi, a ɗan nesa da gaɓa. A ɗiga masa ruwan aidin na Lugol har ya yi launin shayi marar madara, a bar shi kwana biyu ya kwanta, a tsiyaye na sama, a zuba na ƙasa a gilashin ƙirga na Sedgwick-Rafter mai cin mililita ɗaya. Tare da ƙirgar, a rubuta launin ruwan, da zurfin da faifan Secchi ya ɓace, da abin da ake yi a gonakin gefe a wannan mako, ko zuba taki ne ko feshi ko ban-ruwa. In babu wannan shafi na ƙarshe, adadin da aka ƙirga ba zai yi magana ba.

Ma'aikata ba za su yi wuya ba. Maƙarfi ta daɗe da makarantar horar da ma'aikatan kiwon lafiya, wadda aka sani da sunan Kwalejin Shehu Idris, Samaru kuma ba nisa. Gane dangi 20 na Palmer bai fi ƙarfin ɗalibin sakandare mai madubi ba, kuma in ya ci karo da abin da ya shige masa duhu yana iya ɗora wayarsa a bakin madubin ya ɗauki hoto ya aika wa malami a jami'a. Abin da zai fi ba shi wuya shi ne sunayen Latin, kuma a nan ne muke roƙon gudummawar wannan taro. Mun riga mun kwatanta Cosmarium da kalangu, Closterium da jinjirin wata, Pediastrum da faifai. Scenedesmus kuwa, tun da a jere suke kafaɗa da kafaɗa, muna ganin 'yan sahu zai dace da su. In kwamitin kalmomi ya amince da waɗannan ko ya kawo waɗanda suka fi su, sai a buga su da zane a takarda guda, sunan Hausa a sama na Latin a ƙasa, a manna a bangon ɗakin gwaji.